Guntayen Motoci Masu Shan Man Gas: Riba da Hasara a Hanyar Kajuru Zuwa Kafanchan

Kajuru (Jihar Kaduna) — Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Kasuwan Magani ya lura da motocin da ke ratsawa daga Kaduna zuwa Kachia, Zonkwa da Kafanchan, zai ga cewa guntuwar motar nan mai ƙofa a baya, wato Volkswagen Golf, tana cikin waɗanda suka fi yawa. Ita ce ke ɗaukar fasinja, ita ce ke jigilar buhunan citta da masara da doya, sau da yawa ƙofar bayan a buɗe, an ɗaure kaya da igiya. Amma kusan dukkansu fetur suke sha. Wadda ke amfani da man gas, wato dizal, sai an tona, duk kuwa da cewa a ƙasashen Turai, inda aka fito da motocin, an yi shekaru ana rububin irinta.

Wannan bambanci ba daga injin ya samo asali ba, daga farashin mai ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023 kuwa lissafin ya canja, har ya kamata ɗan kasuwar da ke yawan bin wannan hanya ya sake zama da alƙalami da takarda.

Kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus ya fito da Golf a shekarar 1974. A 1976 ya ƙara mata iri biyu: mai gudu da ake kira GTI, da kuma mai injin dizal. A 1982 sai ya haɗa biyun wuri guda, ya sa wa injin dizal mai lita 1.6 na'urar cusa iska da makanikai ke kira tobo, ya ba motar suna GTD. Ƙarfinta a lokacin doki 70 ne. An sake farfaɗo da sunan a 2009 da ƙarfin doki 170, samfurin 2013 ya kai 184, na 2020 kuma 200. Kamfanin Peugeot na Faransa shi ma ya bi sahu da 306 mai tobo a shekarun 1990. Manufar duka ɗaya ce: a ba mutum ƙaramar mota mai zafin nama wadda ba ta cinye masa aljihu a gidan mai.

A Nijeriya dai labarin ya sha bamban. Kamfanonin haɗa motoci da aka buɗe a 1975, wato Peugeot a Kakuri cikin Kaduna da Volkswagen a Legas, sun saba wa jama'a da ƙananan motoci masu fetur, aka bar wa manyan motoci da taraktoci da janaretoci man gas. A shekarun 1990 tazarar farashin ba ta taka kara ta karya ba. A ƙarshen 1994 litar fetur Naira 11 ce, ta man gas Naira 9. Daga bisani gwamnati ta tsame hannunta daga farashin man gas, ta ci gaba da biyan tallafi a kan fetur, tazarar ta juye, ta kuma yi ta faɗi. Abin ya kai maƙura a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine, lokacin da litar man gas ta haura Naira 800 alhali farashin gwamnati na fetur bai kai Naira 200 ba. A irin wannan yanayi babu injin da ƙarancin shan mansa zai cike giɓin. Ba baƙon abu ba ne a ga dillali ya shigo da motar dizal ya sa an sauke injinta an ɗora na fetur kafin ya sami mai saye.

Ranar 29 ga watan Mayu na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin fetur a jawabinsa na kama aiki. Cikin kwanaki kaɗan lita ta koma wajen Naira 500, a watan Yuli ta wuce 600, a watan Oktoba na 2024 kuma ta tsallake 1,000. A ɗaya ɓangaren, matatar Dangote da ke Lekki ta fara sayar da man gas a farkon 2024, ta kuma sauke farashin sari zuwa Naira 1,000 a watan Afrilu na shekarar. A ƙarshen 2024 ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna matsakaicin farashin fetur sama da Naira 1,100, na man gas sama da Naira 1,400. Man gas ya ci gaba da zama mai tsada, amma ba ninki huɗu ba kamar da.

A nan ne lissafin yake. Lita ɗaya ta man gas ta fi ta fetur ƙunsar ƙarfi, injin dizal kuma ya fi iya tatsar ƙarfin, saboda yana matse iska ne har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, ba tare da fulogi ba. A ɗauka misali Golf mai injin dizal na lita 1.9 tana shan lita 6 a kilomita 100, takwararta mai fetur kuma lita 8 da rabi. Daga Kaduna zuwa Kafanchan tafiyar kusan kilomita 200 ce, zuwa da dawowa 400. Mai dizal zai sha lita 24, mai fetur lita 34. Idan aka sa man gas a Naira 1,400, fetur a 1,100, na farko ya kashe Naira 33,600, na biyu 37,400. Rarar Naira 3,800 ke nan a kowane sawu. Ma'aunin da mai mota zai riƙe a kansa shi ne, muddin farashin man gas bai kai ninki ɗaya da digo huɗu na fetur ba, motar dizal ce ke da sauƙi a gidan mai. Da zarar ya wuce haka, riba ta koma ciki.

Rarar ba ta da yawa ga ma'aikacin da ke zuwa gida ƙarshen wata kawai. Ga mai sayen citta da ke zirga-zirga tsakanin Kachia da Kaduna sau uku a mako kuwa, kuɗi ne da za a gani a ƙarshen shekara. Sai dai gidan mai ba shi kaɗai ne ke cin kuɗin mai mota ba.

Ta fuskar tuƙi, abin da ke jan hankalin waɗanda suka saba da irin wannan mota ba tsananin gudu ba ne, ƙarfin ja ne. Injin dizal mai tobo yana ba da ƙarfinsa tun yana juyawa a hankali, don haka direba ba ya buƙatar yawan sauya giya. A hanya mai layi ɗaya kamar ta Kachia, inda mutum kan makale a bayan tirela ko tankar mai har sai ya sami sarari, wannan na nufin a wuce babbar mota cikin ɗan lokaci a koma hannu. Haka ma a hawan tuddai da ke kewayen Kajuru da kuma yankin Kagoro, motar na hawa da kaya ba tare da ta yi nishi ba. Tanki ɗaya kan kai mutum Kafanchan ya dawo da shi da saura, abin da ke da muhimmanci a hanyar da matafiya suka daɗe suna gudun dare ya yi musu saboda matsalar masu garkuwa da mutane.

Samfurin GTD na 2013 yana iya kai wa kilomita 230 a sa'a, amma wannan adadi ne na manyan titunan Jamus. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ƙayyade wa ƙananan motoci masu zaman kansu kilomita 80 a irin wannan hanya, 100 kuma a tagwayen hanyoyi. Wanda ya biya kuɗin gudun, ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba. Bugu da ƙari, an sauke jikin motar ƙasa fiye da Golf ta yau da kullum, an sa mata manyan rim da siraran tayoyi. A kwalta mai santsi wannan ne ke sa ta riƙe hanya a kwana. A hanyar da ke da ramuka da tudun rage gudu a kowane gari, ko kan hanyar burji da ke shiga ƙauyukan Adara da damina, shi ne ke fasa taya, ya lanƙwasa rim, ya huda kaskon bakin mai.

Babbar matsalar dai ita ce ingancin man kansa. Tun 2009 dokar Tarayyar Turai ta hana sayar da man gas na mota da sinadarin salfa ya wuce kashi 10 cikin miliyan, kuma a kan wannan mai aka tsara sababbin injuna. Nijeriya ta yi shekaru tana amincewa da mai ɗauke da kashi 3,000 cikin miliyan. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Switzerland mai suna Public Eye ta wallafa rahoton da ya fallasa yadda 'yan kasuwar mai na Turai ke haɗa irin wannan gurɓataccen mai musamman don Afirka ta Yamma, a 2020 kuma ƙasashen ECOWAS suka amince da sauko da ma'aunin zuwa 50. Sabuwar motar dizal tana da matatar hayaƙi a cikin salansa, salfa mai yawa kuwa yana toshe ta da wuri. Famfon manta da nozul suna aiki ne da matsi mai tsanani, ɗigon ruwa ko ƙura ko kananzir da aka gauraya a mai ya isa ya lalata su. Wanda ya tsaya sayen galan a hannun 'yan bumburutu don ya rage Naira ɗari biyu, yana iya biyan dubban ɗaruruwa a gareji. Abin takaici a nan shi ne, hanyar Kachia ta bi ne ta gefen matatar man Kaduna da aka ƙaddamar a 1980, wadda ta shafe shekaru ba ta tace mai ba, har kamfanin NNPC ya rattaba hannu da Daewoo na Koriya ta Kudu a 2023 kan kwangilar gyara ta dala miliyan 740.

Sai batun masu gyara. Makanikin Golf mai fetur yana nan a kowane gari daga Kujama har Kafanchan, kayan gyaranta kuma a watse suke a kasuwa. Masu gyaran dizal na yankin galibi sun ƙware ne a kan manyan motoci da taraktoci. Tsohon injin 1.9 na Golf 3 bai fi ƙarfinsu ba, kuma ya yi suna wajen juriya, shi ya sa ya fi dacewa da mai neman motar aiki. Sababbin samfura kuwa sai an jona su da kwamfuta kafin a gane ciwonsu, abin da ke nufin ɗauko motar janwe zuwa Kaduna ko Abuja, da jiran kaya daga Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano. Samfurin 2020 ma yana buƙatar wani ruwa na musamman mai suna AdBlue, idan ya ƙare injin ba ya tashi. Tun da aka saki farashin Naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, duk waɗannan kaya sun ninka kuɗi. Mai saye zai kuma tuna da ranar sayarwa, domin kasuwar da ta saba da fetur takan taya motar dizal da rahusa.

Akwai wani sauyi daga waje da zai shafi dillalai. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta gano cewa Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal wata manhaja da ke ɓoye yawan gubar hayaƙinsu a lokacin gwaji, kamfanin kuma ya amsa cewa motoci kimanin miliyan 11 abin ya shafa. Daga nan kasuwar dizal ta fara ja da baya a Turai, wasu biranen Jamus kamar Hamburg da Stuttgart suka taƙaita shigar tsofaffin motocin dizal. Motocin da Turawa ke rabuwa da su, su ne ke sauka a tashoshin Legas da Kwatano, ko da yake gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu na 2017. Ke nan za a iya samun su da araha a wurin saye, tsadar tana jiran mai su a gaba.

Ita ma gwamnatin tarayya wata hanya ta daban ta nufa. Shirin da ta ƙaddamar a 2023 na mai da motoci masu amfani da iskar gas ya fi karɓar injin fetur, wanda ake ƙara wa tukunya da 'yan na'urori ya ci gaba da aiki da duka biyun. Injin dizal ba ya karɓar wannan juyi cikin sauƙi. Direban hayar da ke Kasuwan Magani zai auna wannan da nisan da ke tsakaninsa da wurin ɗura iskar, da kuma wurin kaya da tukunyar za ta cinye a bayan guntuwar mota. Shi kuwa kamfanin Volkswagen, da ya sabunta Golf a shekarar 2024, bai sa GTD a jerin samfuran da ya fitar ba.