Duwatsu biyu da wuta ta haifa: garanit da bazalti

Duk wanda ya shiga Damagaram ya ga manyan duwatsun nan masu kama da giwaye a kwance, har cikin unguwar Birni. Masana ƙasa suna ce ma irin wannan dutsi garanit. Yana da ɗan uwa baƙi, shi kuma sunansa bazalti. Uwarsu ɗaya, wuta. Amma halinsu ba ɗaya ba ne, kuma manomi da mai haƙar rijiya ya kamata su san bambancin.

Can ƙarƙashin ƙasa akwai zafin da ke narkar da dutsi ya koma kamar kunu. In wani irin kunun ya tsaya a ciki, ya huce sannu-sannu cikin dubban shekaru, sai ya zama garanit. In wani irin kunun daban ya ɓullo waje ta bakin dutsi mai aman wuta, da zafin da ya wuce digiri 1000, iska ta sha shi da sauri, sai ya zama bazalti.

Matan makiyaya sun san wannan tun ba yau ba. Man shanun da aka soya, in ya huce a hankali sai ya yi tsaba-tsaba. In sanyi ya kama shi nan da nan, sai ya daskare sumul. Haka garanit yake da ƙwayoyi da ido ke gani: wasu kamar gishiri, wasu fari ko ja-ja, wasu baƙi masu walƙiya. Wannan kaushi shi ya sa yake yin dutsin niƙa mai kyau. Bazalti kuwa baƙi ne, ƙwayarsa ba ta ganuwa, ya fi nauyi a hannu. Wani lokaci yana da ƴan ramu kamar na masa, wurin da iska ta fita yana da zafi.

A Nijar garanit ya fi yawa. Akwai shi a Damagaram da Gure, da kudancin Maraɗi wajen Ɗan Isa, da Tera. Bazalti sai an je Abzin, inda tsofaffin duwatsu masu aman wuta suke.

In garanit ya ruɓe, rairayi da tsakuwa yake bari, ƙasa mai saurin shanye ruwa, mai son taki. Bazalti in ya ruɓe laka yake bayarwa, mai riƙe danshi da ƙarfin shuka. Irin ta ce manoman Biu, a Najeriya, ke nomawa.

Babbar magana ita ce ta rijiya. Garanit mai ƙwari ba ya shan ruwa. Ruwa yana zama ne cikin ruɓaɓɓen dutsin da ke sama, da cikin tsagogi. Shi ya sa birnin Damagaram ya daɗe yana fama da ƙishirwa, har aka jawo masa ruwa daga nesa, daga Gogo da Arunguza da Ganaram.

Saboda haka in masu haƙa suka wuce ruɓaɓɓen dutsi, dagi ya fara tartsatsin wuta kan mai ƙwari, ci gaba asarar ƙarfi ce da hatsin gayya. Wasu garuruwa sukan nace, don an riga an sha wuya. Gara a koma kwari ko gefen ƙorama, inda ruɓaɓɓen ya fi kauri. In kuwa foraj za a yi, a bari ma'aikatan ruwa su auna ƙasa su gano tsaga kafin mota ta zo.