Harry Mayne: Masanin Da Ya Gyara Hanyar Sauraron Cikin Ƙasa

Idan kin je sayen tulu, ai kina ƙwanƙwasa shi ki kasa kunne, don ki gane ko ya tsage. To, haka masu binciken man fetur suke yi wa ƙasa. Sukan tayar da nakiya a ɗan rami, ko su sa babbar mota ta girgiza ƙasa. Sautin ya nutsa, ya bugi shimfiɗun duwatsu ya dawo, na'urorin da aka jera a sama su naɗe shi. Da lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo ake lissafa zurfin kowace shimfiɗa.

Sai dai sautin yakan dawo a raunane, a cakuɗe da motsin iska da sauran hayaniya. Kuskuren fahimtarsa kuwa ba ƙaramar asara ba ce, domin ana iya kashe miliyoyin daloli a haƙa rijiya a tarar babu komai.

Wani masanin kimiyyar ƙasa Ba'amurke, Harry Mayne, ma'aikacin kamfanin Petty a jihar Texas, shi ya kawo mafita. Ya nemi rajistar dabararsa a 1950, ya samu a 1956, ya kuma yi bayaninta a mujallar Geophysics a 1962.

Ga dabarar. Maimakon a saurari wuri guda sau ɗaya, sai a riƙa matsar da mafitar sautin ta nan, na'urar sauraro ta can, amma tsakiyarsu ba ta canjawa. Bayan an daidaita bambancin nisa, sai a haɗa duk abin da aka naɗa. Kamar a gidan biki ne: ki tambayi mata goma abin da uwar amarya ta faɗa. Surutun da ya dami kowacce daban ne, amma maganar da duk suka haɗu a kai ita ce gaskiya. A lissafi, haɗa naɗi 16 yakan ninka tsabtar sautin kusan sau 4.

Har yau wannan dabara ce ginshiƙin irin wannan bincike a duniya, kuma irinsa ake yi kafin a haƙa rijiya kamar ta Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda aka sanar da samun mai a 2019.

Saboda haka 'yar'uwa, idan 'yarki ta dawo tana kukan wahalar lissafi, ki ba ta labarin tulu, ki ce ta daure. Wataƙila wata rana ita za ta saurara mana.