Rubutaccen Shiri: Iska Ta Kayar Da Maɗaci A Gonarka, Me Za Ka Yi?

Yau hirar tamu a kan itace take. Duk wanda ya zauna a Yauri, Ngaski ko Shanga ya san iskar farkon damina ba ta da wasa. Ka kwanta lafiya, gari ya waye ka tarar da maɗacin da kakanka ya bari a gona yana kwance. Kafin azahar mai gawayi ya iso ya taya, kai kuma don ka huta sai ka ce ya ɗauka. To a nan asarar take. Gungumen maɗaci mai lafiya katako ne na ƙofa, gado da kujera. A ƙone shi a yi gawayi, wallahi ɓarna ce.

Abu na farko, ranka. Itacen da ya faɗi bai gama faɗuwa ba. Reshen da nauyi ya danne yana nan a ɗame kamar baka, kana sara sai ya ɓalle ya doke ka. Idan kuma da saiwa ya tuge, ranar da aka raba gungumen da gindin, gindin na iya komawa raminsa da ƙarfi. Saboda haka kar a bar yara su yi wasa a ramin nan. In akwai wayar lantarki a jikinsa, kar kowa ya taɓa sai ma'aikatan wuta sun zo.

Na biyu, na wane ne? In gonar gado ce ba a raba ba, to ba naka ba ne kai kaɗai. Ku zauna da 'yan'uwa, mai unguwa ya shaida. Sannan ka leƙa wajen malaman gandun daji na ƙaramar hukuma ka sanar, don kar a tare katakon a hanya. Musamman in madobiya ce, wadda tun 2017 take cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa.

Na uku, duba lafiyarsa. Ƙwanƙwasa shi da bayan gatari. In ka ji ƙara kamar ganga, cikinsa rami ne. Maɗacin bakin hanya sau da yawa masu neman magani sun sassaƙe ɓawonsa, ruɓa ta shiga ta nan. Duba ƙusa da waya ma, domin ƙusa ɗaya tana lalata haƙoran inji. Kuma kar a yi ciniki da mai inji sai ka auna tsawo da kauri da kanka, ka tambayi kafinta biyu ko uku kuɗin falanki a kasuwar Yelwa.

To an yanka gunduwa-gunduwa, sai me? Ɗanyen itace cike yake da ruwa, kuma ruwan ya fi saurin fita ta bakin da aka yanka. Baki ya bushe ya tsuke, ciki na nan jiƙe, shi ne sai ka ga ya tsage. Maganin, a ranar da aka yanka ka shafe bakunan biyu da fenti mai kauri ko kakin zuma. Ka ɗora gungumen a kan duwatsu, kar ya taɓa ƙasa, saboda gara.

In mai inji ba zai samu zuwa da wuri ba, mu na bakin ruwa muna da dabara. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe itatuwa, har yau kututtukansu na yaga komar masunta. Me ya hana su ruɓewa? Ruɓa sai da iska. Kenan in ka nutsar da gungume gaba ɗaya ka ɗaure shi, zai jira ka. Amma don Allah nesa da hanyar jirage.

Bayan an tsaga falanki, ka jera su a inuwa ƙarƙashin rumfa. Tsakanin kowane layi ka sa siraran sanduna busassu, daidai saitin juna, don iska ta ratsa. Ka ɗora nauyi a sama kar su karkace. Kar ka shanya a rana, kuma in hunturu ya shigo ka kare su daga bugun iska kai tsaye. Maganar watanni ce, mai kauri ya fi daɗewa. Ƙofar da aka yi da ɗanyen katako, kafin shekara ta zagayo za ka ga haske ta tsakaninta.

Ragowar ma ba a yar ba. Manyan rassa a ba masassaƙi, ƙanana su tafi murhu. Sannan tunda damina ce, ka dasa wani a gurbinsa, ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Wanda ya faɗi ɗin ma wani ne ya bar maka.

Wanda hakan ta taɓa faruwa da shi, ya gaya mana yadda ya yi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya ba mu damina mai albarka.