Kasuwannin Ƙasar Zurmi Da Bashin Mai Nono

 Ya ku 'yan'uwa malamai da fatake, ina so in ba ku labarin kasuwannin ƙasarmu ta Zamfara ta arewa, watau Zurmi da Ƙauran Namoda da Shinkafi, da halin da masu ƙananan sana'o'i suke ciki. Abin da ya motsa ni kuwa wata tambaya ce da aka kawo mini zaure.

Ku sani garuruwan nan uku tamkar duwatsun murhu suke, tukunya ɗaya suka ɗauka. Ƙaura ta sami sunanta daga Namoda, jarumin Alibawa a zamanin jihadi, amma arzikinta ya buɗe ne a shekarar 1929, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta bi ta Gusau, ta tuƙe a can. Gyaɗa da auduga da fatun jar akuya duk nan ake tara su, jirgi ya kwashe zuwa bakin teku. Yau shekaru masu yawa ke nan rabon da a yi wannan lodi. Shinkafi kuwa kasuwarta ta Alhamis ita ce uwa, inda shanu da raƙuma da tumaki suke haɗuwa, mutanen Nijar su sauko da kanwa da gishiri da dabbobi, su koma da gero da tufafi, mutanen Kudu su ɗora shanu a manyan motoci. Zurmi, garin Sarkin Zamfara, tana kan hanyar da ta nufi Jibiya da Katsina, daga Jibiya kuma Maraɗi ba nisa.

Mai manyan kuɗi shi ake gani a kasuwa, amma fa ba shi kaɗai yake ci ba. Saniya ɗaya in an sayar, dillali ya sami la'ada, mai igiya ya sayar da igiya, ɗan dako ya sami ladansa, mahauci ya sami nama, majemi ya karɓi fata ya jeme ta da bagaruwa, baduku ya saya ya ɗinka takalmi da zabira da gafakar da muke sa Alƙur'ani. Mu ma malamai kada mu yi kamar ba ruwanmu. Allon da yaro yake riƙe da shi masassaƙi ya sassaƙa, ƙaron da muke haɗa tawada da shi a kasuwa ake aunawa, ranar Alhamis kuwa da babu karatu manyan almajirai can suke samun kuɗin sabulu da ɗinkin hula da dako. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah Ya jiƙansa, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya hori shugaba da ya kula da masu sana'a, ya raya kasuwanni, ya tsare hanyoyi. Lalle ya san abin da yake faɗi.

To, hanyoyin nan su ne suka lalace. Barayin daji suka tare su, suka hana manomi gonarsa, suka kwashe wa makiyayi dukiyarsa. A watan Yuni 2021 aka kashe mutum fiye da 50 a Kadawa da ƙauyukan da ke kusa da ita cikin ƙasar Zurmi. A ƙarshen watan Agusta na shekarar gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi da sayar da man fetur a jarka, a farkon Satumba kuma aka katse wayar salula, domin a toshe wa ɓarayi hanyar abinci da labari. Ban ce nufin ba shi da kyau ba. Amma attajiri yana da rumbu, mai ƙosai kuwa rumbunta kaskonta ne, in bai hau wuta yau ba gidanta bai ci ba. Kafin shekarar ta ƙare aka soma buɗe waɗansu kasuwannin, sai ga shi jarin mutane da yawa ya riga ya shiga ciki. Sa'an nan rufe iyakar Nijar, daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da kuma bayan juyin mulkin can na 2023, ya ƙara wa gyambo gishiri.

Yanzu ga tambayar. Akwai wata dattijuwa kusa da makarantata, sana'arta fura. Ta surfa gero, ta wanke, ta daka da citta da kanumfari da barkono, ta dafa, ta kirɓa, ta cura, ta birkiɗa a gari, wanda duk ya sha ya san hannu ne ya yi. Amma fura ba ta cika sai da nono, nono kuwa daga ruga yake zuwa. Shekara da shekaru wata Bafulatana take kawo mata ƙwarya biyu, da man shanu jefi-jefi, ba a biya sai an sayar, ba takarda, ba shaida. In an yi haihuwa a ruga dattijuwar nan ta aika da turmin atamfa, in an yi a gari Bafulatana ta zo da mai. Rannan ta sauke nono kamar kullum, ta ce sai jibi, daga nan ba a sake ganinta ba. Waɗansu suka ce rugarsu ta tashi zuwa Nijar bayan an sace musu shanu, waɗansu suka ce tsoron shigowa gari ne ya hana ta, gama a lokacin ana yi wa kowane Bafulatani kallon ɓarawo, mai laifi da mara laifi, abin da shari'a ba ta yarda da shi ba ko kaɗan.

Dattijuwa ta zo ta durƙusa daga bakin zaure, ta ce, “Allah gafarta malam, kuɗin ƙwarya biyu suna hannuna, yaya zan yi da su? Ina tsoron in mutu da hakkinta.”

Na ce, “Inna, bashi ba ya faɗuwa don mai shi ya ɓace. Ki ajiye, ki sa a yi cigiya a kasuwar Shinkafi wurin masu dabbobi, ko ita ko magadanta. In kin yanke ƙauna sarai, ki yi sadaka da su da niyyar ladan ya je mata, da sharaɗin in ta dawo ba ta yarda ba, ki biya ta.”

Na ba waɗansu fatake biyu sifarta da sunan rugarsu, suna tambaya duk Alhamis, har yanzu ba labari. Ina roƙon fataken da suke karanta wannan, masu zuwa Maraɗi da Madawa, wanda ya ji labarin mutanen wata ruga da suka taso daga ƙasar Zurmi a damina ta 2021, ya aiko ta hannun editan jaridar nan.

Dattijuwar tana nan tana furarta, sai dai yanzu da kindirmon madarar gari take damawa, masu saye suna ƙorafin ba gardi. Da aka sake takardun kuɗi a ƙarshen 2022 ta kai kuɗin nan aka musanya mata sababbi, ta sake ƙulle su a tsumma. Na tambaye ta makon jiya ko ta yi sadakar, ta ce a'a, tukuna, a bari a ga bayan kaka.