Tsakanin Kaka da Wayar Hannu: Ina Gaskiya a Zancen Shayarwa?

Mai jegon zamanin nan kunnuwanta ba sa hutawa. Ga uwar miji a bakin gado da ilimin da ta raini 'ya'ya goma da shi, ga waya a gefen matashi tana ta shigo da saƙonnin WhatsApp. Kowane ɓangare akwai tsaba, akwai tsakuwa. Bari mu tsince.

Ana cewa dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya, ƙazanta ne, a matse a zubar. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma asarar babba ce. Dakashi cike yake da sinadaran da ke kare jariri daga cuta, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa.

Sai batun ruwa, wanda ya fi jawo saɓani a gida. Kaka ta ga zafin watan Afrilu, ta ga jaririn yana motsa baki, tausayi ya kama ta, ta ɗauko cokali. Niyyarta mai kyau ce. Amma kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Cikin jariri ɗan ƙarami ne, idan ruwa ya cika shi sai ya rage tsotso, nonon ya ja baya, ga kuma haɗarin gudawa. Har wata shida, nono kaɗai ya ishe shi. Zuma kuwa a jira sai ya cika shekara.

Malamar makaranta ko 'yar kasuwa ta sha jin cewa idan ta wuni a rana nononta ya yi tsami, sai ta zubar kafin ta bayar. Nono ba ya lalacewa a jikin uwa. Wanda aka matse a mazubi mai tsabta da murfi yana kai awa huɗu a wuri mai sanyi, kwana huɗu a firij idan ba a ɗauke wuta ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Da yawa ba su san da wannan haƙƙi ba.

A ina kaka ta fi waya gaskiya? A hutun arba'in. Matar da ta haihu tana bukatar a ɗauke mata girki da wanki, a ciyar da ita da kyau, kuma hotunan da ake gani a waya na masu komawa aiki da mako guda ba abin koyi ba ne. Shayarwa ta shekara biyu ma, wadda Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara, ita ce likitoci ke ba da shawara a yau. Abin da za a gyara shi ne kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka ja hankali kan gishirin da ke cikin kanwa. A sha kunu, a rage kanwa, a sirka ruwan wanka.

Kai kuma maigida, idan matarka ta fara kumburin ƙafa ko haki bayan haihuwa, kada ka jira a yi arba'in, ka kai ta asibiti a ranar.