LAIFIN AKAWU NE KO NA WAYA?

A daminar bara mun kai ziyara wata makaranta a unguwar Ƙofar Na'isa, cikin birnin Kano, domin duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Muka tarar da shugaban makarantar yana yi wa akawunsa faɗa. Wani yaro ne zazzaɓi ya kayar, aka ce akawu ya bugo wa uban waya. Sau uku yana bugawa. Na farko bai shiga ba, na biyu wata mata ta amsa ta ce ba ta san zancen ba, sai a na uku aka sami uban. Shugaba ya ce wannan sakaci ne, har ya yi niyyar rubuta masa takardar gargaɗi. Akawu kuwa ya rantse lambar da ke cikin rajista ita ya buga. Da aka bincika, gaskiyarsa ce.

Tun da ya ke ofisoshi da yawa sun koma irin wannan waya, ya kamata akawuna da malamai su san yadda ta ke aiki. A zamanin En'e, mutum ne ke zaune a ɗakin haɗa waya, ka faɗa masa wanda ka ke so, ya haɗa ku da hannu. Yanzu kwamfuta ce ke wannan aiki a cikin ofis, da manhaja irin su Asterisk, wadda Mark Spencer ya fito da ita a Amurka a 1999. Amma sau da yawa hanyar da kira ke fita waje ta tsohon yayi ce, watau silin waya biyu. A da na NITEL ne. Yau, da ya ke layukanta sun mutu, galibi wani ɗan akwati ne mai ɗauke da sim, wanda ke kwaikwayon tsohon layi.

To, ga inda matsalar ta ke. Irin wannan layi ba ya karɓar lamba a rubuce. Sai kwamfuta ta ɗaga layin kamar yadda mutum ke ɗaga kan waya, sa'an nan ta rera masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, shi kuma na can ya saurara. Kamfanin Bell ne ya fara wannan dabara ga jama'a a 1963. Kowace lamba amo biyu ne a haɗe. Biyar, alal misali, amo ne mai kaɗawa 770 a daƙiƙa tare da mai 1336. Sifiri kuwa 941 ne da 1336. Ashe ke nan abin kamar shifta ne a aji: malami na faɗa, yaro na rubutawa. Duk malamin da ya taɓa yin shifta ana ruwa a kan kwano ya san abin da ke biyo baya.

Abin da ya fi yawan ɓata kira shi ne gaggawa. In mutum ya ɗaga waya, sai ya ji kukan layi kafin ya buga. Kwamfuta kuwa, in ba a umurce ta ba, tana iya fara rerawa tun na can bai shirya ba, lambar farko ta faɗi ƙasa. A ƙasarmu lambar farko sifiri ce, in ta ɓace kiran ya lalace. Maganinsa ba wuya. A Asterisk, harafin w da za a sa gaban lamba yana jawo jinkirin rabin daƙiƙa. Biyu ko uku sun isa.

Kiran da ya faɗa wa baƙuwar matar nan shi ya fi ba mu wahala. Mun roƙi mai gyara ya buɗe mana rajistar da kwamfutar ke ajiyewa, muka ga lamba goma sha ɗaya ta aika, daidai da ta littafin akawu. Sai ya cire layin daga kwamfuta ya sa wayar tebur ta gargajiya, muka kasa kunne. Layin na ta ƙarar tartsatsi. Muka bi wayar har bayan ɗakin ajiya, inda wani ya taɓa haɗa ta da murɗi ya naɗe da leda, ruwan indararo na zuba a kai. Idan tartsatsi ya katse amo a tsakiya, na can sai ya ƙirga shi sau biyu, sauran lambobin duk su gusa, kira ya tafi gidan wani. Haka kuma in lamba iri ɗaya ta zo a jere kuma tazarar ta yi kaɗan, sai a ji biyu kamar ɗaya. Bisa al'ada manhajar na riƙe kowane amo kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ana kuwa iya tsawaita shi. Amma kada a yi garajen ƙara ƙarfin murya, domin amon da ya yi yawa yana gurɓacewa kamar lasifikar da aka ƙure. Mu a ganinmu gyaran mahaɗar waya shi ne farko, taɓa saiti na biye.

Akwai kuma wani abu mai ban dariya. Wani lokaci akawu na neman fita, wani na waje na shigowa ta layin a daidai wannan ƙiftawar, sai kwamfuta ta haɗa su, kowa na tambayar ɗan'uwansa wa ya ke nema. Inda layuka suka kai biyu ko fiye, sai a sa masu fita su fara daga na ƙarshe, masu shigowa daga na farko.

In kuwa rajista ta nuna lambar da aka aika ba ita aka buga ba, to layi ba shi da laifi, ƙa'idodin da aka rubuta wa manhajar ne. Ofisoshi da yawa sukan sa a fara buga 9 domin fita waje, manhaja ta yanke ta. In an yi kuskure ta yanke biyu, sifiri ya tafi. Har wa yau, tun 1 ga Janairu 2024 hukumar NCC ta sauya lambobin layukan girke, na Kano suka tashi daga 064 zuwa 02064, na Legas daga 01 zuwa 0201. Na'urar da aka saita kafin nan, ba a kuma sake taɓa ta ba, tana iya ƙin sabuwar lamba ko ta datse ta.

Abin da mu ke roƙon akawuna shi ne su ware shafi ɗaya a littafin ofis. Duk kiran da ya ɓata a rubuta rana da lokaci, da lambar da aka buga, da abin da aka ji, da ko an yi ruwa. Da wannan shafi mai gyara zai kwatanta da rajistar kwamfuta. A makarantar Ƙofar Na'isa an sake wayar bayan ɗakin ajiya, an ƙara w biyu, takardar gargaɗi kuwa ba a rubuta ta ba.