Kalma a Ramin Marina

Wanda bai taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata da ke Kano ba, zai ɗauka zane da shuɗinsa yake fitowa daga rami. Ina! In marini ya tsamo shi, kore-kore za ka gan shi, sai ya sha iska sannan ya rikiɗe a gaban idonka. A sake tsomawa, a sake ɗagawa, launi na ƙara kama jiki. Ramukan nan, da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsu, ba wani abin mamaki aka zuba musu ba: ruwa ne da baba da toka da kanwa, aka bar su suka tsima.

Haka mawaƙi ke yi da kalma. Ɗauki "bango". A bakin magini ƙasa ce da ramno, ya tsage, a yaɓe shi kafin damina. Farin zane ke nan. To, bari mai marsiyya ya ce bango ya faɗi, ya ajiye marayu a gefensa da gidan da ya yi tsit. Babu mai tunanin ƙasa kuma, kowa ya san uba aka rasa. Kalmomin da ya jera kusa da ita su ne baba da toka. Iskar kuwa kunnen mai sauraro ce, domin a can launin ke fitowa, wani lokaci ma sai bayan an tashi daga wurin.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne, me ya sa bango? Ga katanga, ga garu, ga danga, duk suna tsaye suna kare gida. Amma katanga aikinta raba ka da maƙwabci. Garu na sarakuna ne da attajirai, ya yi wa talaka nauyi. Danga kuwa, ka kira mamaci da ita ai ka zage shi, abin da akuya ke turewa! Bango shi ake jingina da shi in an gaji, shi yaro ke dafawa yana koyon tafiya. Ya kuma daɗe yana jiƙa a bakin mutane: tura ta kai bango, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kalmar bango auduga ce, tana shan rini. Wasu kalmomin kamar yadin roba suke, ko kwana suka yi a rami da farinsu za su fito.

Masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo sun raba kamantawa da siffantawa. In mawaƙi ya sa "kamar", ya shanya farin zane ne kusa da shuɗi ya ce duba. In ya cire ta, ya tsoma ke nan.

Rami ma yana gajiya. Lokacin da makaɗan fada irin su Narambaɗa na Isa ke yi wa sarki kirari da manyan namun daji, sunan na da nauyi, don ba kowa ake ba shi ba. Yau ɗan takarar kansila ma zaki ne, abokin hamayyarsa giwa, mai riƙe masa jaka damisa. An yi ta tsomawa har ruwan ya salance, zane na fitowa ba fari ba, ba shuɗi ba.

Ni rinin da ya fi burge ni shi ne na ɗauri, wanda mata ke ƙulla zane da zare kafin a kai marina. Inda aka ƙulle baba ba ya shiga, in an kwance sai fari ya fito da zanensa. Gwanin mawaƙi ma yakan bar wa kalma ɗan farinta. Zai ce bango ya faɗi, ka ga uba. Can gaba ya ambaci ruwan Agusta, sai ka tuna gidan nan yana da bangon ƙasa na gaske, kuma mai yaɓe shi duk shekara ne aka kai makwanci.